Dodon da Ba Ya Mutuwa: Ra'ayoyin 'Yan Kallo a Karaye da Rogo Kan Kashi na Biyu na Fim ɗin Sara da Suka

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a ƙasar Hausa ya san cewa kallo ba ya ƙarewa da ƙarewar fim. Da zarar an kashe na'ura, sai a buɗe wani sabon zama a bakin ƙofa ko a teburin mai shayi, inda za a yi wa fim ɗin shari'a, a wanke wanda za a wanke, a ɗora wa mai laifi laifinsa. Manazarta adabinmu sun yi aiki mai yawa a kan finafinai da masu shirya su, amma wannan zama na biyu bai sami cikakken rabonsa ba, alhali kuwa a nan ne ake ganin mudun da Bahaushe yake auna labari da shi.

Wannan maƙala za ta duba ra'ayoyin 'yan kallo a ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, game da wani nau'in fim na ban tsoro wanda ya fito daga Amurka, watau wanda makashi guda yake bin mutane yana kashe su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa ko adda. Za a fi mai da hankali a kan kashi na biyu na irin wannan fim, domin a kansa ne gardama ta fi zafi. Ra'ayoyin da za a kawo su ne waɗanda na sha ji a zaman hira da matasa da magidanta da matan aure na wannan yanki, na kuma kasa su gida huɗu. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, saɓanin da ake yi ya samo asali daga abu guda: abin da Bahaushe yake nufi da "kashi na biyu" dabam yake da abin da masu shirya waɗannan finafinai suke nufi. A wurinsa kashi na biyu cikon labarin da aka yanke ne. A wurinsu kuwa tono labarin da aka riga aka binne ne.

2.0 Nau'in Fim ɗin da Sunansa

Sunan da Turawa suka ba wannan nau'i ya fito ne daga kalmarsu ta sara ko yanka. 'Yan kallonmu ba su ware masa suna ba, suna haɗa shi da na aljanu da na mayu su ce "fim ɗin ban tsoro" ko "fim ɗin horo", ko kuma su kira shi da sunan makashin. A nan za mu kira shi fim ɗin sara da suka, ko da yake mun san cewa a Bauchi da Jos "sara-suka" suna ne na gungun matasa 'yan ta'adda. Wannan kusanci na suna ba aibi ba ne, domin kamar yadda za a gani a gaba, ɗan kallo da kansa yakan haɗa su a zuciyarsa.

Siffofin nau'in sanannu ne. Akwai wani tsohon laifi da aka aikata shekaru da dama da suka wuce. Akwai makashi wanda ba ya magana, fuskarsa a rufe, ba ya gudu amma ba a tsere masa. Akwai taron samari da 'yan mata a wani keɓaɓɓen wuri. Daga ƙarshe kuma akwai yarinya guda da take saura, ta yi gaba da gaba da shi. Wata malamar jami'a Ba'amurkiya, Carol Clover, ita ce ta fito da muhimmancin wannan yarinya ta ƙarshe a littafinta na 1992.

Finafinai biyu ne suka kafa nau'in sosai. Na farko shi ne Halloween na John Carpenter, wanda ya fito a 1978. A cikinsa wani yaro ɗan shekara shida, Michael Myers, ya kashe yayarsa, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali, bayan shekara 15 ya tsere ya komo garinsu. A ƙarshe likitansa ya harbe shi sau shida, ya faɗo daga bene, amma da aka leƙa ƙasa babu shi babu alamarsa. Na biyu shi ne Friday the 13th na Sean Cunningham, na 1980, wanda aka kashe kimanin dala 550,000 wajen shirya shi, ya kuma jawo kusan dala miliyan 40 a Amurka kaɗai. A cikinsa ana ta kashe matasa ma'aikatan wani sansanin hutun yara da yake bakin tafki, sai a ƙarshe ta bayyana cewa mai kisan wata uwa ce, wadda ɗanta Jason ya nutse a tafkin a 1957 saboda sakacin masu kula da shi. Yarinyar da ta saura, Alice, ta fille wa uwar kai da adda.

Dukansu biyu an yi musu kashi na biyu a 1981. Na Halloween ya ɗora daga daidai inda aka tsaya, a wannan dare ɗin, makashin ya bi yarinyar har asibitin da aka kai ta. Na Friday the 13th kuwa ya zo da wani abu dabam. Ashe Jason bai mutu ba, ya girma a daji. Tun a farkon fim ya bi Alice har gida ya kashe ta, sa'an nan bayan shekara biyar ya auka wa wasu sababbin matasa, kansa a rufe da buhu mai huda ɗaya. A kan wannan kashi ne mafi yawan bayaninmu zai tsaya.

3.0 Yadda Fim ɗin Ya Iso Karaye da Rogo

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi ne maƙwabta, su ne kuma suka haɗu suka zama masarautar Karaye a tsarin da Gwamnatin Jihar Kano ta yi a 2024. Ƙasa ce ta noma, damina da rani. A ƙasar Karaye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka gama a 1992, haka kuma sansanin masu yi wa ƙasa hidima yana Kusalla, a bakin wata madatsar. Rogo kuwa ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. An kawo waɗannan bayanai ne domin suna da tasiri a kan kallo. Mutumin da ya tashi kusa da babban ruwa ya ji labarin wanda ruwa ya ci, mutumin da yake sassabe da yankan rake kuma ya san nauyin adda da abin da take yi wa jiki.

Silima ta daɗe a birnin Kano, tun daga Rex da aka buɗe a 1937, amma garuruwan karkara majigi suka sani, wanda hukuma take kawowa jefi-jefi domin wayar da kai. Abin da ya kai fim ƙauye ya zaunar da shi shi ne kaset ɗin bidiyo da janareto. Da su aka buɗe gidajen kallo, rumfa ko zaure da benci, inda ake nuna na Indiya da na 'yan Sin masu faɗa da na Amurka, daga baya kuma na Hausa, bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Faifai ya gaji kaset, sa'an nan wayar hannu ta gaji faifai. A yau ƙwallon Turai ta mamaye yawancin gidajen kallo, fim kuwa ya koma shagon masu caji da turi, inda ake zuba wa mutum finafinai a wayarsa da kuɗi kaɗan. Ta wannan hanya ne matan aure da yara, waɗanda ba sa zuwa gidan kallo, suka shiga sahun masu ra'ayi.

Akwai wani abin lura. Finafinan Indiya sun sami masu fassara su da muryar Hausa, irin su Algaita a Kano, amma fim ɗin sara da suka ba ya ma bukatar tafinta sosai, domin maganarsa kaɗan ce. Sai dai ɗan abin da ake faɗi a ciki, wanda yake bayyana dalilin kisan, shi ne yakan wuce ɗan kallon da ba ya jin Turanci. Wannan giɓi shi yake cikewa da abin da ya sani na gida.

4.0 Ma'anar "Kashi na Biyu" a Wurin Bahaushe

Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Ana buɗe ta da "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus". Idan aka ce ƙurunƙus, to magana ta ƙare, babu yaron da zai ce wa kakarsa gobe ta ba shi ci gaban wannan tatsuniya. Gaskiya ne Gizo yakan sake fitowa a wata tatsuniyar ko da ya sha wuya a ta jiya, amma wannan sabon labari ne mai zaman kansa, ba a kuma ce masa kashi na biyu.

Labari mai kashi-kashi ya zo mana ta wata hanyar. A Dare Dubu da Ɗaya ana yanke labari da gangan idan gari ya waye, a bar mai sauraro da ƙishirwa. Marubutan adabin kasuwar Kano sun bi wannan hanya, suna raba littafi guda gida biyu ko uku, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi wa In da So da Ƙauna. Masu finafinan Hausa su ma haka suka yi a zamanin kaset da faifai: a kai labari daidai inda ya yi daɗi, sai a rubuta cewa a haɗu a kashi na biyu. Shirye-shirye masu dogon zango na tashar Arewa24 da na YouTube, irin su Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So, sun ƙara tabbatar da wannan al'ada.

Ke nan Bahaushe ya san iri biyu: labarin da aka rufe, da labarin da aka yanke za a ƙarasa. A iri na biyu akwai alkawari tsakanin mai labari da mai sauraro. Mai sauraro ya biya kuɗinsa ya yi haƙuri, mai labari kuma bashi ne a kansa ya warware ƙullin da ya ƙulla. Fim ɗin sara da suka ya zo da iri na uku wanda ba a saba da shi ba, watau labarin da aka rufe, aka sake buɗewa, aka kuma ƙi rufewa. Friday the 13th ya kai fim 12 daga 1980 zuwa 2009. Na huɗunsu, na 1984, an sa masa suna babin ƙarshe, amma shekara guda bayansa aka fito da wani aka ce sabon farawa ne. Dalilin wannan ba a ɓoye yake ba, ciniki ne: muddin ana saye, dodo ba zai mutu ba.

5.0 Rabe-raben Ra'ayoyi

5.1 Masu Ganin An Ha'ince Su

Kaso na farko, wanda ya fi yawa a cikin magidanta da waɗanda suka saba da finafinan Hausa da na Indiya, suna ganin kashi na biyu yaudara ce. Hujjarsu guda uku ce. Ta farko, an gaya musu yaron ya nutse, mutuwarsa ce ma ta haukata uwar, to in yana raye, a kan me ta kashe mutane, me kuma ya hana shi zuwa wurinta duk shekarun nan? Ta biyu, yarinyar da suka sha wuya tare da ita har ta tsira, an kashe ta tun ba a je ko'ina ba, watau an kwashe ladar kallon farko. Ta uku, bayan sabuwar yarinyar ta sare shi a kafaɗa an ɗauka ya mutu, sai ga shi ya fasa taga ya shigo, fim ya ƙare ba a san makomarsa ba. Hukuncinsu a taƙaice shi ne fim ɗin "ba shi da ƙarshe", wanda kuwa ba shi da ƙarshe "ba shi da ma'ana".

Abin sha'awa shi ne, waɗannan mutane ba sa yi wa kashi na biyu na Halloween irin wannan hukunci. A can an bar su da tambaya, ina gawar ta tafi, kashi na biyu ya zo ya amsa, ya bayyana cewa yarinyar ƙanwarsa ce, ya kuma ƙare da ƙonewarsa a gobara. Wannan ya dace da alkawarin da suka sani. Fushinsu a kan Halloween yakan fara ne daga na 1988, inda aka sake tayar da wanda suka ga wuta ta ci. Wannan bambanci shi ne babbar shaida cewa ba jini ko tsoro suke ƙi ba, saɓa alkawari suke ƙi.

5.2 Masu Fassara da Asiri

Kaso na biyu ba sa ganin wata ƙarya a labarin, domin suna da bayanin da ya ishe su. Yaron da ya nutse aka rasa gawarsa, daga baya ya bayyana da ƙarfin da ya wuce na mutane, a wurinsu 'yan ruwa ne suka ɗauke shi suka rene shi. Fim na farko ma ya ba su ƙafa, domin a ƙarshensa an nuna yaron ya ɓullo daga tafki ya jawo Alice daga kwalekwale. Imani da iskoki tsoho ne a wannan yanki, wanda har yanzu akwai Maguzawa a cikinsa, kuma tun a 1946 Joseph Greenberg ya yi bayanin iskokin Maguzawan ƙasar Kano a littafinsa.

Haka kuma suna da suna ga kowace siffa ta makashin. In an sare shi bai faɗi ba, ya ci tauri. In an kai masa hari an kuskure, kau-da-bara ne. In wanda zai buge shi ya sandare, sagau ne. In ya ɓace bayan an harbe shi, layar zana ce. In ya wuce ta gaban mutane ba su gan shi ba, baduhu ne. Bukkar da Jason ya ajiye kan uwarsa da kyandirori kewaye da shi kuwa, ba sai an gaya musu ba, ɗakin tsafi ne, daga nan ƙarfin yake fitowa.

Sai dai wannan fassara tana ɗauke da sharaɗinta. A tunanin Bahaushe kowane asiri yana da makari, kowane ƙarfi yana da lago. Saboda haka waɗannan 'yan kallo suna karɓar kashi na biyu a matsayin tsakiyar labari, suna jiran kashin da za a nemo wani tsoho ko malami ya faɗi makarin. Da suka kalli na uku da na huɗu ba su ga an nemo ba, da yawansu sukan koma ra'ayin kaso na farko. Bambancinsu da su jinkiri ne kawai.

5.3 Masu Kallon Gwaninta

Kaso na uku matasa ne, su ne kuma kaɗai suke fifita kashi na biyu a kan na farko. Ba ruwansu da ko labarin ya haɗu. Suna kiran makashin "bos", kamar yadda ake kiran babban mugu a finafinan faɗa, suna kuma auna kowane kashi da yawan waɗanda suka mutu da sabuwar dabarar da aka yi. A ganinsu fim na farko yana da ja, kuma tsohuwa ba ta isa bos ba. Kallonsu na taro ne, da ihu da dariya da yi wa 'yan wasa tsawa, kada ka shiga ɗakin nan, waiga bayanka, a kuma yi wa wanda ya zabura tsiya. A nan tsoro ya zama fagen gwada jarunta, kamar yadda samarin da suke shiga shaɗi ko wasan tauri suke nuna ba sa gezau.

Ya kamata a lura da kalmomin da suke amfani da su, domin Hausa ta rarrabe abin da ake haɗawa a ce tsoro. Fargaba ita ce ta jiran abin da bai zo ba. Firgita da razana su ne na abin da ya faɗo ba zato. Ƙyanƙyami shi ne na ganin jini da rauni. Tashin tsigar jiki kuwa na abin da ya saɓa wa hankali ne. Matasan nan sukan yarda cewa na farko ya fi sa fargaba, domin ba a san mai kisan ba, na biyu kuma ya fi firgitarwa. Wannan rarrabewa nazari ce sosai, ko da masu yin ta ba su kira ta da wannan suna ba.

5.4 Masu Duban Tarbiyya

Kaso na huɗu iyaye ne da malamai, kuma ra'ayinsu bai zama ɗaya ba. Mafi yawansu tsiraici da shaye-shayen da ake nunawa sun fi damunsu a kan jinin. Wasu kuma sun lura cewa waɗanda suka keɓe domin fasiƙanci su ne suke fara mutuwa, mai kamun kai ita take saura, sai suka ga kamar akwai wa'azi a ciki, alhaki kwikwiyo ne. Amma kisan Alice a farkon kashi na biyu ya rushe musu wannan karatu, domin ita ba ta yi komai ba sai kare kanta. Mata kuwa sau da yawa sukan tsaya a kan uwar. Ba su yarda da kisan da ta yi ba, amma sun gane zafin rasa ɗa ta hanyar sakacin wanda aka ba amana. A idonsu fim na farko yana da dalili, na biyu kuwa ramuwa ce a kan ramuwa, wadda take cin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai kuma damuwar da ta fi waɗannan nauyi. Wuƙa da adda ba abin almara ba ne a Jihar Kano, inda faɗan daba da ƙwacen waya suka ci rayuka, kuma labarin masu satar mutane ba baƙo ba ne ga garuruwan kan iyaka. Hukumar tace finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Hausa a 2021. Amma ikonta bai kai ga fim ɗin waje da ake turawa daga waya zuwa waya ba. Tambayar iyaye ita ce, me yaro yake koya daga labarin da mai adda ne kaɗai yake dawowa a kowane kashi, sauran kowa ya tafi?

6.0 Dodon Tatsuniya da Dodon Fim

Idan aka tattara ra'ayoyin nan za a ga uku daga cikin huɗu suna auna fim ɗin da mudun tatsuniya, ko sun sani ko ba su sani ba. Bahaushe ba baƙon labarin ban tsoro ba ne. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wa 'yan makaranta, cike suke da Dodo mai haɗiye mutane. Har yarinyar ƙarshe muna da irinta, kamar ƙanwar nan da ta bi yayarta wadda ta ƙi auren mai tabo ta auri abin da ba mutum ba, ta kuma zama sanadin kuɓutarta.

Amma Dodon tatsuniya yana da ƙa'idoji uku. Na farko, ana cin sa da dabara, ba da ƙarfi ba, kamar yadda Auta ya gasa duwatsu ya jefa masa a baki. Na biyu, mutuwarsa tana da shaida. Auta ya yanke wutsiya, haka nan a labarin Bayajida an sare kan macijin rijiyar Kusugu aka adana, har ya zama hujja a kan masu da'awar ƙarya. Na uku, mutuwarsa tana gyara gari: a sami ruwa, a yi barci, a yi aure ko a ba da sarauta.

Fim na farko na Friday the 13th ya cika ƙa'ida ta biyu, tun da an ga kai ya fita. Kashi na biyu ya cika ta farko, kuma wurin da ya cika ta shi ne wurin da duk kason huɗu suke yabo. Yarinyar ƙarshe, Ginny, da ta shiga bukkar ta ga kan uwar, sai ta sa rigar sanyin matar ta yi masa magana da muryar uwa, har ya durƙusa. Wannan wayo ne irin na Gizo da Auta, ɗan kallo kuwa yakan gane nasa in ya gani. Amma fim ɗin ya hana shaidar mutuwa, ya kuma hana gyaruwar gari. An buɗe da ga ta nan, an ƙi cewa ƙurunƙus.

Aikin ƙurunƙus kuwa ba ƙarami ba ne. Ita ce take raba duniyar labari da duniyar gaske, ta sallami yaro ya je ya kwanta da sanin cewa Dodo ya mutu, kuma ga kaka a kusa. Yaron da ya kalli kashi na biyu shi kaɗai a waya cikin dare bai sami ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Su kansu masu Halloween, da suka so rufe labarinsu a fim na 2022, sai da suka sa mutanen gari suka raka gawar makashin aka jefa ta injin niƙa ƙarafa a gaban kowa, watau suka komo ga shaidar da tatsuniya ta daɗe da shar'antawa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa saɓanin 'yan kallo a Karaye da Rogo game da kashi na biyu na fim ɗin sara da suka ba na rashin fahimta ba ne. Masu cewa an ha'ince su suna neman cikar alkawari, masu fassara da asiri suna neman makari, masu duban tarbiyya suna neman adalci, kuma duka ukun fuskoki ne na bukata guda, watau labari ya ƙare, mugu ya ga ƙarshensa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, to su wannan rana ɗayar suke jira. Matasa masu kallon gwaninta su ne suka fara sabawa da labarin da ba ya rufewa, kuma a kansu ne ya kamata nazari ya fi tsayawa, domin a wurinsu ne za a ga ko mudun yana sauyawa.

Akwai aiki a nan ga malaman Hausa. Ɗalibin da ya iya rarrabe fargaba da firgita a bakin teburin mai shayi ya riga ya fara nazarin adabi, saura a ba shi tatsuniyar Auta a ce ya gwada ta da fim ɗin da ya kalla jiya. Akwai kuma darasi ga masu shirya finafinanmu da suke sha'awar shiga fagen ban tsoro, musamman a wannan zamani na shiri mai dogon zango. Ɗan kallo Bahaushe zai jure jini, zai jure jira, zai biya kuɗin kashi na biyu da na uku, muddin ya tabbata cewa mai labarin yana riƙe da makarin dodonsa, kuma wata rana zai fito da shi.